Tsohon gadon jariri: kuskuren "ai ya raini yayyensa"

A Garwa da Marwa ana ɗauka gadon da ya raini yayye zai raini ƙanne, balle na gwanjo daga Turai. Ba haka ba ne. A auna tazarar sandunansa: in ta wuce santimita 6, jikin jariri kan zurma, kai ya maƙale. In fiye da yatsu biyu suka shiga tsakanin katifa da katako, fuskarsa na iya cusuwa nan, numfashi ya tsaya. Gado mai gefen da ke sauka kuwa, Amurka ta hana sayar da shi tun 2011, kuma ɗaurin igiya ba gyara ba ne.

In gadon na da ɗaya daga cikin waɗannan matsaloli, don Allah kada a ba maƙwabciya. Kafinta ya cire gefe ɗaya, a sami benci, sandunan su zama mashanyar kaya. Tsohon fenti kan ƙunshi dalma, kada a kankare shi kusa da yara.