Auna juriyar ɗan wasan tsakiya a ƙwallon ƙafa

Juriyar ɗan wasan tsakiya ita ce iya maimaita gudu mai ƙarfi bayan ɗan gajeren hutu, tun daga busa usur na farko har zuwa tashi, ba tare da ƙafa ta yi nauyi ko tunani ya rikice ba. Masu horarwa da masu farautar 'yan wasa suna auna ta ta hanyoyi uku: kallon wasa da ido, gwaji a filin atisaye, da na'urorin da ke bin motsin ɗan wasa. A manyan gasanni ɗan tsakiya yakan ci kilomita 10 zuwa 13 cikin minti 90, fiye da 'yan baya na tsakiya da 'yan gaba, ko da yake masu wasa ta gefe sun fi shi yawan gudun tsere. A unguwannin zango na Accra da Kumasi, inda ake ce wa 'yan tsakiya lamba shida, lamba takwas da lamba goma, hukuncin 'yan kallo gajere ne: wane yana da numfashi, wane kuma iskarsa ta ƙare tun kafin a dawo hutun rabin lokaci.

Tarihin awon

An daɗe ana hukunta ɗan wasa da ido kafin a fara ƙidaya. Wani Bature ɗan Ingila, Charles Reep, shi ake yawan ambata a matsayin wanda ya soma rubuta kowane motsin ƙwallo a takarda, wajen shekarar 1950. Sai dai ƙwallo yake bi, ba ƙafar ɗan wasa ba. Awon tazarar gudu ya samu gindin zama ne a 1976, lokacin da Tom Reilly da Vaughan Thomas suka bi 'yan ƙungiyar Everton ɗaya bayan ɗaya, suna naɗar bayanin motsinsu a rikoda, daga baya su lissafa da tsawon takun kowa. Sun samu cewa 'yan tsakiya ne suka fi kowa cin ƙasa, kusan kilomita 10, kuma ɗan kaɗan ne ƙwarai na wannan tazara ake yi da ƙwallo a ƙafa.

Daga ƙarshen shekarun 1990 kamfanoni irin su Prozone suka fara kafa kyamarori a saman filayen Ingila, suna bin 'yan wasa 22 a lokaci guda. Na'urar GPS da ake saƙalawa a bayan ƙaramar singileti, tsakanin kafaɗu, ta fara ne a atisaye. Sai a 2015 hukumar IFAB mai tsara dokokin wasa ta yarda a sa ta a wasan gasa.

A Ghana, martabar ɗan tsakiya ta riga duk waɗannan na'urori. Abdul Razak, ɗan Kumasi da ya taka leda a Asante Kotoko, ya zama gwarzon ɗan wasan Afirka a 1978, shekarar da Ghana ta ɗauki kofin nahiyar a gida, kuma babu wanda ya ƙirga masa kilomita. Tawagar da ta je kofin duniya na 2006 a Jamus ta dogara ne a kan Stephen Appiah da Michael Essien da Sulley Muntari a tsakiya. Essien ya samu katin gargaɗinsa na biyu a gasar a karawa da Amurka, bai buga da Barazil ba, aka ci Ghana 3 da nema. Har yanzu ana kawo wannan wasa misali idan ana gardamar abin da rashin ɗan tsakiya guda mai ƙarfin huhu yake jawo wa ƙungiya, ko da yake ba za a ɗora ƙwallaye ukun a kan wannan kaɗai ba. Mohammed Kudus, wanda ya tashi a unguwar Nima ta Accra kafin ya shiga makarantar ƙwallo ta Right to Dream, na wani zamani ne: tun yana matashi ake auna shi da na'ura.

Abin da ke faruwa a jiki

Ƙwallon ƙafa wasan tsaya-ka-tashi ne. Ɗan wasa yakan sauya motsi kusan duk daƙiƙa 4 zuwa 6, daga tafiya zuwa sassarfa, zuwa ja da baya, zuwa tsere, kuma tseren da ƙyar yake wuce daƙiƙa 2 zuwa 4. Duk da haka bugun zuciya yakan tsaya a kusan kashi 85 cikin 100 na iyakarsa a tsawon wasan.

Gajiya iri biyu ce, kuma mai kallo yakan rikita su. Ta farko mai wucewa ce: bayan minti biyar mafi zafi, misali an kai hari an dawo an sake kaiwa, ɗan wasa yakan rage gudu a minti biyar na gaba, sannan ya farfaɗo. Ta biyu ita ce ta ƙarshen wasa, wadda ke bayyana a minti 15 na ƙarshe. Babban dalilinta ƙarewar sukarin da tsoka ke ajiyewa. Binciken da aka yi wa 'yan wasa a Denmak ya nuna kusan rabin zaren tsokar cinya ya ƙare ko ya kusa ƙarewa a lokacin tashi. Wannan ba ta wucewa sai an ci abinci an huta kwana biyu ko uku. Wanda aka cire saboda gajiya ta farko an yi asarar canji.

Zufa na ƙara tsananta ta biyun. Ɗan wasa yakan zubar da lita 1 zuwa 2 a yanayi mai sauƙi, ya wuce haka a zafi. Idan nauyinsa ya ragu da kashi 2 cikin 100, wato kilo 1.4 ga mai kilo 70, gudu da natsuwa sukan ja baya.

Kallon wasa

Mai auna juriya ba ya bin ƙwallo da ido. Ɗan tsakiya bai cika riƙe ƙwallo fiye da minti biyu ko uku a duk wasan ba, don haka sauran minti 87 ne ke ɗauke da amsar. Ana zama a wuri mai tudu daidai layin tsakiya, a raba takarda gida shida, kowane gida minti 15, a zaɓi ɗan wasa ɗaya tak. Duk wanda ya ce zai bi mutum uku lokaci guda, ƙwallo zai koma bi bai sani ba.

A kowane gida ana yin alama idan ya yi gudu mai ƙarfi, a kuma bambanta na zuwa gaba da na dawowa. Na dawowa shi ne ma'aunin gaskiya, domin kowa na da ƙarfin gudu idan yana hango ci. Abin dubawa shi ne daƙiƙa biyar na farko bayan an ƙwace ƙwallo daga ƙungiyarsa: ya juya nan take, ko ya tsaya ɗaga hannu yana yi wa alƙali ƙorafi. Sau da yawa ƙorafin dabarar satar numfashi ce. Haka kuma ɗaure igiyar takalmi da jinkirin zuwa jifa.

Gajiya takan fara bayyana a kai kafin ƙafa. Ɗan tsakiya mai kuzari yana waiwaye hagu da dama kafin ƙwallo ta iso shi. Idan ya gaji sai waiwayen ya ragu, ya karɓi ƙwallo yana fuskantar ragarsu, taɓawar farko ta yi nisa da shi, fas ɗin da a da yake ratsa layi ya koma na gefe ko na baya. Lamba shida, wato ɗan tsakiya mai tsaron baya, idan ya gaji yakan bar tazara tsakaninsa da 'yan baya, ko ya zube ƙasa yana tarar ƙwallo da tsawon ƙafa a inda ya kamata ya taka biyu ya tsaya. Katin gargaɗin da ake samu bayan minti 70 da yawa daga nan suke fitowa. Akwai kuma wanda ke ɓuya a bayan abokin hamayya don kada a ba shi ƙwallo. Takarda ba za ta nuna ya yi kuskure ba, alhali ya bar abokansa su goma.

Bayan tashi ana kwatanta gidan farko da na shida. Raguwa kaɗan ba laifi ba ce, kowa na yi. Idan yawan alamun ya faɗi da rabi, ko kuskuren fas ya taru a gida biyu na ƙarshe, to akwai magana. Wasa ɗaya dai ba ya isa. Akan nemi uku ko huɗu, har da na waje.

Gwaji a filin atisaye

Gwajin Cooper, na likitan sojan saman Amurka Kenneth Cooper a 1968, shi ne mafi sauƙi: a yi gudu minti 12 a auna tazara. Zagaye bakwai da rabi a filin mita 400 ya ba da mita 3,000. Aibinsa shi ne gudu ne miƙaƙƙe, babu juyi babu tsayawa, ga shi wasa ba haka yake ba.

Gwajin Yo-Yo, wanda Jens Bangsbo ɗan Denmak ya tsara a farkon shekarun 1990, ya fi kama da wasa. Ana ja layi biyu da tazarar mita 20, a sa alama ta uku mita 5 a bayan layin farawa. Ɗan wasa ya je ya dawo, mita 40 ke nan, yana bin ƙarar da lasifika ke fitarwa, sannan ya samu daƙiƙa 10 ya zagaya alamar baya a hankali. Mataki na farko yana farawa da saurin kilomita 10 a awa, na biyu da 13, saurin na ƙaruwa. Wanda ya kasa isa layi kan lokaci sau biyu ya fita, a rubuta jimillar mitocinsa. Ƙwararrun 'yan tsakiya sukan wuce mita 2,000 a mataki na farko. Wayar hannu da lasifika da igiyar awo sun wadatar. Inda ake ɓata shi: auna mita 20 da taku, barin yara su juya kafin su taka layi, da kwatanta sakamakon safe da na rana tsaka, ko na ciyawa da na turɓaya irin ta filayen unguwa kamar Kawokuɗi a Accra.

Ƙungiyar da ba ta da GPS takan tambayi ɗan wasa, kamar rabin awa bayan tashi, wahalar da ya sha daga 0 zuwa 10, a ninka da mintocin da ya buga: 7 sau 90 ya ba da 630, wato nauyin aikin da ya yi a ranar. Ana tambayarsa shi kaɗai, don a gaban abokai kowa jarumi ne. Sikeli ma na aiki: a auna kafin wasa da bayansa, kowane kilo da ya ɓace kusan lita ɗaya ce, a mayar da lita ɗaya da rabi.

Alƙaluman na'ura

Galibi ana kiran gudun da ya wuce kilomita 19.8 a awa mai ƙarfi, wanda ya wuce 25.2 kuma tsere. Jimillar tazara ita ke jan hankali a talabijin, kamar kilomita 16.7 da Marcelo Brozović na Kuroshiya ya ci a minti 120 da Japan a kofin duniya na 2022. Amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Ƙungiyar da ke bin ƙwallo tana iya fin mai riƙe da ita gudu, kuma an taɓa samun 'yan ƙananan rukunonin Ingila sun fi na Firimiya yawan gudu mai ƙarfi. Ko yawan gudu na kawo nasara, masana ba su daidaita ba.

Yanayin Ghana

Wasannin gasar Firimiya ta Ghana da yawa ana take su ne da ƙarfe 3 na rana. A Accra zafi yakan haura digiri 30 tsakanin Fabrairu da Afrilu, ga laimar teku da ke hana zufa bushewa, don haka jiki ba ya hucewa da wuri. Lokacin hunturu, daga Disamba, matsalar takan juya: iska busasshiya ce, zufa na bushewa nan take, ɗan wasa bai san yana zubar da ruwa ba sai jijiya ta ɗaure masa. Alƙaluman Turai ba sa zama ma'auni kai tsaye a nan. Ana kwatanta ɗan wasa da kansa ne, ko da takwaransa na ɗaya ɓangaren a wasa guda. Doka ta ba alƙali damar hutun shan ruwa na minti ɗaya, ko na hucewa daga daƙiƙa 90 zuwa minti 3.

A watan azumi masu horarwa a Nima, Maamobi, Aboabo da Asawase sukan mayar da atisaye mai nauyi zuwa dab da shan ruwa ko bayansa. Gwajin da aka yi wa mai azumi da la'asar ba a haɗa shi da na sauran watanni.

Canji biyar

Tun 2020 aka ba da damar canji biyar a maimakon uku, aka tabbatar da dokar a 2022. 'Yan tsakiya na cikin waɗanda aka fi cirewa, sau da yawa tsakanin minti 60 da 75, kuma wanda ya shigo yakan fi wanda ya fita gudu a kowane minti. Saboda haka yanzu ana raba tazara da mintocin da mutum ya buga kafin a kwatanta shi da wani.