Taskar Fina-finai ta British Pathé da Haƙƙin Mallakar Hotunanta

British Pathé kamfani ne na Birtaniya da ke riƙe da ɗaya daga cikin manyan taskokin tsofaffin fina-finan labarai a duniya. Shekara 60 ya yi, daga 1910 zuwa 1970, yana ɗaukar labaran da ake haskawa a gidajen silima kafin a sa babban fim. Yau ba ya ɗaukar sabon labari, abincinsa yana fitowa ne daga ba da lasisin amfani da tsofaffin. Kowa na iya shiga shafinsa ko tasharsa ta YouTube ya kalla ba tare da ya biya ko kwabo ba, amma gani ba ci ba ne. Wanda zai yanki daƙiƙa goma ya sa a cikin nasa shirin, sai ya nemi izini, kuma galibi sai ya biya. Rashin rarrabe waɗannan abubuwa biyu, kallo da amfani, shi ne tushen yawancin rigingimun da ake yi a kan hotunan taskoki irin wannan.

Asali

Charles Pathé da 'yan'uwansa ne suka kafa kamfanin Pathé a Faris a 1896. A 1908 suka fara fitar da labarai cikin fim a Faransa, sannan a 1910 reshensu na Landan ya fara nasa. Sau biyu a mako ake fitar da sabon faifai, kowanne wajen minti huɗu, ba murya, sai rubutu a tsakanin hotuna. Zakara ne tambarin kamfanin, kuma da murya ta shigo fim wajen 1930, carar zakaran nan ce ke buɗe labarai. Daga 1940 har zuwa ƙarshe, muryar Bob Danvers-Walker ce Turawan Ingila suka fi sabawa da ita a kan waɗannan labarai.

Masu kyamarar kamfanin sun kama abubuwan da ba za su maimaitu ba. Ranar 4 ga Yuni 1913, a filin sukuwa na Epsom, Emily Davison, mai fafutukar a ba mata 'yancin jefa ƙuri'a, ta sunkuya ta ƙarƙashin shinge ta shiga gaban dokin Sarki George na Biyar, dokin ya banke ta, bayan kwana huɗu ta rasu. Abin bai wuce 'yan daƙiƙoƙi ba a faifai, amma har yau masana tarihi na mayar da shi baya suna dubawa hoto bayan hoto, don gane abin da ta yi niyya.

Talabijin ce ta kashe wannan sana'a. Wanda ya ga labari a ɗakinsa daren jiya ba zai biya kuɗi ya sake ganinsa a silima bayan kwana uku ba. A watan Fabrairun 1970 aka fitar da faifai na ƙarshe. Taskar ta yi ta sauya hannu tsakanin kamfanoni, ciki har da EMI da kamfanin da ya mallaki jaridar Daily Mail, kafin ta koma cin gashin kanta a 2009.

Daga gwangwani zuwa intanet

Adana fim aiki ne mai cin kuɗi. Har zuwa farkon shekarun 1950, ana yin faifan silima ne da sinadarin naitiret, wanda ke kama wuta cikin sauƙi, kuma in ya kama ko ruwa ba ya kashe shi. Wanda ya gaje shi ba ya ci da wuta haka, amma in ya sha zafi da laima sai ya fara tsami, ya motse, ya lalace. Dole a ajiye gwangwanayen a ɗaki mai sanyi, a riƙa dubawa, a kwafe wanda ya fara ruɓewa. Wannan ɗawainiya ita ce hujja mafi ƙarfi da kamfanonin taska ke kafawa idan aka yi ƙorafin tsadar lasisi, kuma hujja ce mai kama hankali: fina-finai da dama na wancan zamani sun salwanta ne saboda ba wanda ya ɗauki nauyinsu.

A 2002 aka mayar da dukan taskar zuwa tsarin kwamfuta, kimanin sa'o'i 3,500, da tallafin asusun cacar ƙasa na Birtaniya. A watan Afrilun 2014 kamfanin ya ɗora fina-finai 85,000 a YouTube. A 2018 kuma ya karɓi wakilcin tsohuwar taskar Reuters, mai ɗauke da labaran kamfanoni irin su Gaumont British da British Paramount da Visnews, abin da ya kai jimillar zuwa kusan 220,000. Shi ma kamfanin dillancin labarai na AP, tare da British Movietone, ya bi sahu a 2015 da labarai sama da 550,000.

Yadda ake aiki da taskar

Kowane fim yana da lambarsa, da ranar da aka fitar da shi, da bayanin abin da ke ciki, da alamar ko yana da murya ko babu. Mai bincike kan fara da kwafin gwaji, wanda ke ɗauke da tambarin kamfani a kan hoton, wani lokaci da agogon da ke ƙirga daƙiƙoƙi. Da shi edita ke haɗa shirinsa. In an gama, sai a rubuta lambar fim, da daƙiƙar da aka fara yanka da wadda aka tsaya, a aika wa kamfani. Bayan an biya ne ake turo tsaftataccen kwafi mai inganci.

Abin da ya kamata mai nema ya sani shi ne, an rubuta bayanan ne da harshe da tunanin zamaninsu. Sai an nemi wuri da tsohon sunansa, an gwada rubutu iri biyu ko uku, kafin a dace. Akwai kuma ragowar hotunan da aka ɗauka ba a haska ba, yawanci ba murya. Sau da yawa waɗannan sun fi wanda aka tace amfani ga mai tarihi, don a cikinsu ne kyamara ke daɗewa a kan kasuwa, da fuskokin 'yan kallo, da abin da editan Landan ya ga bai isa labari ba.

Lasisi kuwa ba sayarwa ba ne, haya ce mai sharaɗi. Ana lissafa kuɗin ne bisa tsawon abin da aka yanka, da inda za a nuna shi (ƙasa ɗaya ko duniya duka), da kafar da za a nuna shi, da shekarun da izinin zai ɗauka. Wanda ya karɓi izinin talabijin a ƙasa ɗaya na shekara biyar ba shi da ikon ɗora shirin a intanet, kuma in shekarun suka cika sai ya sabunta ko ya cire hoton. Talla ta fi shirin tarihi tsada, makaranta da gidan tarihi kan samu rangwame. Haɗarin gajeren wa'adi ya bayyana ƙarara a kan Eyes on the Prize, shirin tarihin gwagwarmayar baƙar fatar Amurka da aka fara nunawa a 1987. Da lasisin hotuna da waƙoƙin da ke ciki ya ƙare, shirin ya ɓace daga talabijin tsawon shekaru, bai dawo ba sai 2006, bayan an tara maƙudan kuɗin tallafi an sabunta.

Sannan izinin taska bai wanke komai ba. In akwai kiɗa a cikin hoton, ko zanen wani mai zane, ko wasan da wata ƙungiya ke da iko a kansa, waɗannan suna da masu su daban, kuma nauyin nemansu yana kan mai amfani.

Faifai daban, haƙƙi daban

Babu misalin da ya fayyace wannan kamar fim ɗin Abraham Zapruder, mai kamfanin ɗinka tufafin mata a Dallas, wanda ya ɗauki harbin Shugaban Amurka John Kennedy ranar 22 ga Nuwamba 1963 da ƙaramar kyamararsa. Tsawonsa daƙiƙa 26 ne, hotuna 486. Mujallar Life ta saye shi a kan dala 150,000. A 1975 aka mayar wa iyalansa a kan dala ɗaya tak. Daga baya gwamnatin Amurka ta karɓe ainihin faifan, kuma a 1999 aka yanke ta biya iyalan dala miliyan 16. Duk da wannan kuɗi, faifan kawai ta samu. Haƙƙin mallaka ya ci gaba da zama a hannun iyalan, har suka ba da shi kyauta ga gidan tarihin Sixth Floor da ke Dallas.

Haka abin yake ta ɗaya gefen. Haƙƙin wani tsohon fim na iya ƙarewa, amma kwafi mai kyau guda ɗaya ne a duniya, yana cikin ɗakin sanyin kamfani. A nan kamfanin kan karɓi kuɗin fito da kwafin, ya ɗaure mai karɓa da yarjejeniya. Yarjejeniyar ce ke aiki, ba dokar haƙƙin mallaka ba.

Wa'adin haƙƙi

Yarjejeniyar Berne, ta ƙasa da ƙasa kan haƙƙin mallaka, wadda aka fara ƙullawa a 1886, Najeriya kuma ta shiga a 1993, ta sa shekara 50 daga ranar fitarwa a matsayin mafi ƙarancin kariya ga fim, ta bar kowace ƙasa ta ƙara in ta so. A Birtaniya, ƙa'idar yanzu ita ce shekara 70 bayan mutuwar na ƙarshe daga cikin darakta, da marubucin labari, da marubucin zance, da wanda ya tsara kiɗan fim ɗin. Fina-finan da aka yi kafin 1 ga Yuni 1957 kuwa doka ba ta san su a matsayin fim ba, tana kallonsu ne a matsayin jerin hotuna, don haka lissafinsu daban ne. A Amurka tsofaffin ayyuka kan samu shekara 95 daga bugawa, kuma abin da gwamnatin tarayya ta ɗauka da kanta ba shi da haƙƙin mallaka ko kaɗan. Labaran silima na Universal, na 1929 zuwa 1967, masu su ne suka miƙa su ga taskar ƙasar a shekarun 1970, suka zama na kowa. Dokar Najeriya ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris 2023, ta ba ayyukan sauti da hoto shekara 50.

Abin lura shi ne, dokar ƙasar da aka nuna hoton ce ke aiki, ba ta ƙasar mai shirin ba. Bidiyon da aka ɗora daga Kano ana kallonsa a Landan a daidai wannan lokaci. Saboda haka cewa "ai ya tsufa" ba kariya ba ce.

Amfani ba tare da izini ba

Dokoki sun bar ƙofa, amma ƙarama ce. Dokar Amurka ta 1976 tana duba abu huɗu: manufar amfanin, da irin aikin, da yawan abin da aka ɗiba, da illar da aka yi wa kasuwar mai shi. Tun kafin ita ma, a 1968, wata kotu a New York ta wanke marubucin da ya sa zane-zanen da aka kwaikwayo daga hotunan Zapruder a littafinsa, bisa hujjar cewa jama'a na da buƙatar sanin yadda kisan ya auku. Birtaniya da Najeriya suna da nasu sassaucin domin nazari, da sharhi, da rahoton labarai. Sharhi a kan fim ɗin kansa, yadda aka ɗauke shi da abin da mai magana ya faɗa, yana iya shiga ciki. Ɗaukar hoton don ƙawata shiri kawai, da wuya ya shiga. Rubuta sunan mai shi a ƙasan bidiyo ladabi ne mai kyau, amma ba ya zama izini, kuma babu dokar da ta halatta daƙiƙa 10 ko 30 kamar yadda ake yaɗawa.

A YouTube na'ura ce ke fara kamawa. Tsarin Content ID, da aka fara a 2007, yana gwada kowane sabon bidiyo da kwafin da masu haƙƙi suka ajiye, sai mai haƙƙi ya zaɓi toshewa, ko karɓe kuɗin talla, ko sa ido kawai. In kuwa ya shigar da ƙorafin cirewa a hukumance, gargaɗi uku kan sa a rufe tasha.

Hotunan Najeriya

A cikin taskar akwai ziyarar Sarauniya Elizabeth ta Biyu a farkon 1956, har da babban hawan daba da aka yi mata a Kaduna, akwai kuma bikin samun 'yancin kai na 1 ga Oktoba 1960 tare da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Shekara huɗu ce tsakaninsu, amma a dokar Birtaniya na farko ya faɗa kafin iyakar 1957, na biyu bayanta. Ya kamata a bambanta waɗannan da fina-finan majigi, waɗanda hukumomin mulkin mallaka suka riƙa yawo da su a mota gari-gari. Na majigi aikin gwamnati ne, hukuncinsu da ma'ajiyarsu daban. A Najeriya, taskar fina-finai ta ƙasa tana Jos, ƙarƙashin Hukumar Fina-finai ta Najeriya da aka kafa a 1979.

Akwai ɗaci a wannan lamari da bai kamata a ɓoye ba. Doka ta ba mai kyamara da kamfaninsa haƙƙi, ba ta ba wanda aka ɗauka komai ba. Jikan mahayin da ya yi jafi a Kaduna a 1956, in yana son sa kakansa a shirin tarihin gidansu, sai ya rubuta wa Landan ya biya da fam. Bayanan taskar kuma sun fi ambaton baƙi da manyan sarakuna. Sauran dubban mahaya, da 'yan lifidi, da masu algaita da kakaki, sun wuce ta gaban kyamara ba suna. Dattawan da za su iya duban rawani ko kayan doki su ce wannan tawagar masarauta kaza ce, wannan kuma hakimin wuri kaza ne, kullum raguwa suke yi, kuma abin da suka sani ba ya cikin kundin kowane kamfani.