Abin da Dokar NDLEA Ta Tanada Wa Mai Son Barin Shaye-shaye

A Gusau da Ƙauran Namoda da Talatan Mafara, iyaye da yawa suna ɓoye yaron da ƙwaya ta kama, saboda tsoron cewa duk wanda ya kai ɗansa gaban hukuma ya kai shi gidan yari ne da hannunsa. Tsoron yana da tushe, amma bai ƙunshi dukkan abin da doka ta ce ba, kuma rashin sanin sauran ya sa ana barin matasa suna lalacewa a ƙuryar ɗaki.

Dokar da ta kafa NDLEA, wato hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta ƙasa, a 1989 tana da tsanani ƙwarai. Sashe na 11 ya tanadi ɗaurin rai da rai ga mai shigo da miyagun ƙwayoyi irin su hodar ibilis, ko mai sarrafa su, ko mai noma su, sannan ya tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda ya mallake su ko ya yi amfani da su yana sane. Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraron waɗannan shari'o'i. A nan Zamfara kuma akwai Dokar Laifuffuka ta Shari'a wadda ta fara aiki a 2000, inda haddin shan giya ga Musulmi yake bulala 80. Saboda haka kada kowa ya ɗauka cewa shan da kansa ba laifi ba ne.

Sai dai ita wannan dokar ta tarayya ta buɗe wata ƙofa da ba a cika magana a kanta ba. Ta ba kotu ikon umartar wanda aka samu da laifi ya karɓi magani da ilimantarwa da kulawar bayan jinya da mayar da shi cikin jama'a, ƙari a kan hukuncinsa. Idan kuma ƙaramin yaro ne, kotu tana iya ba da wannan umarni a madadin hukuncin gaba ɗaya. Haka nan dokar ta wajabta wa hukumar kafa sashen ba da shawara, wanda aikinsa ya haɗa da gyaran masu shaye-shaye. Wannan ne ya sa mutumin da ya je da ƙafarsa neman taimako, ko iyayensa suka kai shi, ake karɓarsa a matsayin mai buƙatar shawara da jinya. Tun 2022 hukumar tana da layin waya na kyauta, 080010203040, domin irin wannan buƙata. Bambancin wanda ya zo da kansa da wanda aka kama da kaya a aljihu babba ne, kuma jinkirin iyaye shi ne yakan mayar da na farko ya zama na biyu.

Girman matsalar ya sa wannan ƙofa ta zama dole. Binciken ƙasa na 2018, wanda Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi ya tallafa wa, ya gano mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da ƙwaya a cikin shekara guda, kimanin miliyan 3 daga cikinsu a Arewa maso Yamma. Babu gidajen yarin da za su ɗauki wannan adadi.

Inda na fi damuwa shi ne kulawar bayan jinya, wadda doka ta ambata da suna amma ba ta bayyana yadda za a yi ta ba. A ce an kwantar da matashi a Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware a Sakkwato, jikinsa ya daina rawa, barci ya dawo masa, an sallame shi. Ranar da ya dawo unguwa, majalisar da ya saba zama tana nan, mai sayar masa da tiramol ya san lambar wayarsa, kuma ba shi da sana'a. A nan ne yawancin komawa ruwa ke faruwa, kuma a nan ne tsarin matakai goma sha biyu yake da amfani.

Tsarin ya samo asali ne daga ƙungiyar Alcoholics Anonymous ta masu son daina shan giya, da aka kafa a Amurka a 1935, sai Narcotics Anonymous ta masu ƙwaya ta biyo baya a 1953. Mutum yakan fara da amsa cewa abin ya fi ƙarfinsa, ya miƙa lamarinsa ga Ubangiji, ya zauna ya yi wa kansa hisabi ba tare da ƙarya ba, ya lissafa waɗanda ya cutar, ya je ya nemi gafararsu ya biya abin da zai iya biya, sannan ya taimaki wani mai fama. Ana haɗuwa a kai a kai, kowa yana da wani da ya riga shi daina sha wanda zai kira ko da tsakar dare ne idan sha'awa ta taso, kuma ba a ɗaukar alkawarin shekara, sai na yau kaɗai. Musulmin da ya san sharuɗɗan tuba, wato nadama da dainawa da mayar da haƙƙin mutane, ba zai ga baƙon abu a nan ba. A 1989 ma Musulmi a birnin Baltimore sun tsara nasu mai suna Millati Islami a kan wannan tafarki.

Wajibi ne a fahimci iyakar waɗannan ƙungiyoyi a gaban doka. Ba asibiti ba ne, don haka wanda ya daɗe a kan giya ko ƙwayoyin sa barci kada ya yanke su farat ɗaya ba tare da likita ba, domin hakan yana iya jawo farfaɗiya har ma da mutuwa. Halartar zama ba ta goge tuhumar da ke gaban kotu. Rufin asirin da mambobi ke yi wa juna amana ce da suka ɗauka a tsakaninsu, kuma ita ce ke sa mutum ya iya buɗe baki.

Akwai kuma iyaka ga iyaye. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu aka sanar a Janairun 2023 domin maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ɗora jinya a kan mutuncin majinyaci da haƙƙinsa. Abin da aka gani a 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan mutane daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna da sarƙoƙi a ƙafafunsu, ya isa gargaɗi. Kafin uba ya miƙa ɗansa ga kowace cibiya, ya tambaya ko akwai likita, ko ana barin dangi su ziyarta, da kuma wane shiri aka yi wa yaron bayan an sallame shi.