Mece ce ma'anar "samizdat"?

Ɗalibin da ya shiga sashen nazarin harsuna da adabin al'ummomin Slav, wato Rashawa da mutanen Polan da Cak da sauransu, ba zai daɗe ba sai ya ci karo da kalmar samizdat. Daga Rashanci take: "sam" na nufin da kanka, "izdat" kuma guntun kalmar gidan ɗab'i ne. Ma'anarta rubutun da mutane suka yaɗa da hannunsu a ɓoye, ba tare da izinin hukuma ba. Ana danganta asalinta ga mawaƙi Nikolai Glazkov, wanda a shekarun 1940 yake rubuta irin wannan lafazi a bangon waƙoƙinsa, yana kwaikwayon sunan kamfanin ɗab'in gwamnati, Gosizdat.

A Tarayyar Sobiyet, tun 1922 hukumar Glavlit ce ke tace duk abin da za a buga. Wanda aka hana sai ya koma ga tafireta. Zai jera siraran takardu da kabon a tsakani, ya daddanna da ƙarfi don ya sami kwafi biyar ko shida, na ƙarshen da ƙyar ake iya karanta shi. Wanda aka ara wa na dare ɗaya, in yana da zuciya, shi ma ya zauna ya sake bugawa. Kuma abin ba wasa ba ne, domin sashe na 70 na dokar laifuka ta Rasha ta zamanin Sobiyet ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 7. Natalya Gorbanevskaya, wadda ta fara haɗa mujallar Khronika a 1968 don tattara labarin kame-kame da shari'o'i, an tsare ta a asibitin masu taɓin hankali daga baya.

Samizdat tana da 'yan uwa biyu: tamizdat, rubutun da aka fitar waje aka buga, da magnitizdat, waƙoƙin da aka yaɗa a tef.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne wahalar da wannan adabi ke ba malaman jami'a. Littafin da kamfani ya buga yana da shekara da sunan mawallafi. A nan kuwa mai bugawa yakan tsallake layi, ya gyara jimla, wani lokaci ya yanke abin da bai gamsu da shi ba, kuma da gangan ake ɓoye suna. To wane kwafi za a koyar a aji a matsayin na asali? Ina ganin kuskure ne ma a riƙa gabatar da samizdat kamar siyasa ce zalla. A ciki akwai waƙoƙi, littattafan addini, fassarori, har da mujallun masu son kiɗan zamani.

Shi ya sa mai bincike na gaske sai ya je inda takardun suke: ɗakin karatu na Libri prohibiti a Prag, wanda aka buɗe a 1990, ko cibiyar binciken Gabashin Turai da ke Jami'ar Bremen a Jamus, ya ɗora kwafi kusa da kwafi yana gwadawa.