Zafin bazara a Kebbi: amsoshin tambayoyin da na gaji da maimaitawa

Na daɗe ina aikin lafiya a matakin farko a wani ƙaramin asibiti a ƙasar Gwandu. Duk shekara, da zarar hunturu ya ja baya, tambayoyi iri ɗaya nake amsawa, a asibiti, a gidan suna, har a hanyar kasuwa. Na tattara su a nan. Wanda ya sake tare ni da ɗayansu, wannan zan tura masa.

Ai mun saba da zafi, yaushe ya zama cuta?

Sabo ba ya hana jiki tafasa. Daga Maris zuwa Mayu zafin Birnin Kebbi da Argungu kan wuce digiri 40 da rana. A farkon Afrilun 2024 garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5, kuma asibitin Gabriel Touré da ke Bamako ya ƙirga gawa 102 cikin kwana huɗu. Mutanen Mali ma sun saba da zafi.

In ba jaririna ruwa saboda zafi?

A'a. In bai cika wata shida ba, nono zalla, ki yawaita ba shi dare da rana. Ke ce za ki sha ruwan. Kakanni, don Allah ku daina ɗura wa jarirai ruwan randa a bayan idon uwa, mu muke ganin gudawar da ke biyo baya.

To ai aikinku ne ku ma'aikatan lafiya, me ya kawo maganar wuta da famfo?

Wannan ce tambayar da ta fi ɓata mini rai. Wata bazara aka kawo mana wata tsohuwa a kan kabu-kabu, jikanta ya riƙe ta ta baya. Jikinta kamar tukunyar da aka sauke daga murhu, ba ɗigon zufa, tana kiran sunan mijinta da ya daɗe da rasuwa. Ba wuta a asibitin, tankinmu kuma ya ƙafe. Ɗan garuwa muka tare a bakin ƙofa muka sayi jarka biyu, muka jiƙa zannuwa muka lulluɓe ta, mata biyu suna yi mata fifita da faifai har ta dawo hayyacinta. Da na tambayi jikan ya aka yi, sai ya ce: "Malama, taransifomar unguwarmu ta lalace tun kafin azumi, burtsatse ya tsaya, jarka ta yi tsada. Inna tana tattalin ruwan ne don girki da alwala."

Ku duba mini, wace allura ce a akwatina ke gyara taransifoma? Ciwon tsohuwar nan daga wuta ya faro, ya bi ta ruwa, ya bi ta aljihu, ya bi ta ɗakin kwano marar silin, sannan ya iso wurina. Mu ne matattara ta ƙarshe. In masu wuta da hukumar ruwa da ƙaramar hukuma da mai unguwa ba su yi nasu ba, sai dai mu yi ta kwasar abin da ya zube.

Su wa suka fi shiga haɗari?

Tsofaffi, jarirai, masu ciki, masu hawan jini da ciwon suga da ciwon ƙoda, sai duk wanda abincinsa ke cikin rana. Ku ƙara da matar da ke girki da itace a madafin kwano da azahar, wadda ba wanda ke tunawa da ita.

Fanka tana taimakawa?

In ɗaki bai kai digiri 40 ba, tana yi. In ya wuce haka, hucin wuta take hura maka, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta yi gargaɗi a kai. Jiƙa jikinka ko rigarka tukuna.

Ni lebura ne, kullum sai na fita ake ɗora tukunya a gidana, ga hawan jini. In bar aikin rana ne?

Wannan ba zan amsa ta a gurguje ba, domin "ka huta a inuwa" magana ce mai sauƙi a bakin mai albashi. Girbin shinkafar rani a fadamun Argungu da Suru cikin bazara yake faɗowa, masu gini ma rige-rige suke yi da damina, wato lokacin da aiki ya fi samuwa shi ne lokacin da rana ta fi kisa. Ba zan ce ka zauna a gida ba. Amma amsar ta danganta da abubuwa da yawa.

Da farko, wane magani kake sha? Wasu magungunan hawan jini suna sa yawan fitsari, suna ƙara zubar da ruwan jiki a kan wanda zufa ta riga ta kwashe. Kada ka dakatar da shi da kanka, wannan ya fi haɗari. Ɗauko kwalin ka kawo mana a duba, a auna jininka, wataƙila a sauya lokacin sha, wataƙila a bar shi yadda yake. In kuma an taɓa ce maka zuciyarka ko ƙodarka ta samu matsala har aka ƙayyade maka ruwa, to shawarar "sha ruwa da yawa" ba taka ba ce, sai abin da likitanka ya ce.

In ba ka da wannan matsalar, kofi ɗaya duk bayan kamar minti 20 muddin kana aiki mai nauyi, ko ba ka ji ƙishirwa ba. Ka riƙa duba fitsarinka. In ya yi ja kamar shayi, ko ka wuni ba ka yi ba, jikinka ya fara cin bashi. Ranar da ka yi zufa sosai, ruwan gishiri da sukari na iya taimakawa: lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Sai dai kai mai hawan jini kada ka mai da shi abin sha na kullum, mai ciwon suga kuma ya tambaya tukuna. Maganin gajiyar nan da kuke saye a kemis da yamma, irin su diclofenac da ibuprofen, in suka haɗu da jikin da ba ruwa ƙoda suke ci. Ku rage, don Allah.

In ranar azumi ce, na farilla ko ramuwa ko na nafila, ni ba malama ba ce, amma Alƙur'ani ya yi wa marar lafiya rangwame a cikin Suratul Baƙara. Ka zo in faɗa maka halin da jikinka ke ciki, ka kai wa malaminka ya faɗa maka hukunci. Da a ce limamai da ma'aikatan lafiya suna zama tare, da ba ka yi zirga-zirgar nan ba.

Sai babbar maganar, wadda ba a hannunka kaɗai take ba. In aikin jinga ne, fara da asuba, ka tashi kafin azahar, ka koma bayan la'asar. In na yini ne, kai kaɗai ka nemi hutu mai gona zai ɗauki wani. Dole sai ƙungiyar manoman shinkafa da shugabannin lebura da hakimi sun tsayar da magana ɗaya: a watannin nan ana hutun tsakar rana, ruwa da rumfa a kan mai aiki, kuma ba a zaftare ladan kowa. In an zaftare, to talaka aka sa ya sayi lafiyarsa da abincin 'ya'yansa. Kafin a kai ga haka, in ka ji jiri ko amai ko kanka na sarawa, ajiye lauje ka nemi inuwa ko me za a ce.

Zafi ne ke kawo sanƙarau?

Ƙwayar cuta ce. Busasshiyar iska da ƙura da cunkoso a ɗaki marar taga su ke ba ta hanya. Ta yi ɓarna a Zamfara a 2017, ta taɓa mu a Gwandu da Jega da Aliero a 2025. Akwai rigakafi, kuma Najeriya ce ƙasar farko da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke kare nau'i biyar na cutar a 2024. In masu rigakafi sun zo, ku buɗe ƙofa. Zazzaɓi da sanƙarewar wuya, asibiti a ranar, ba gobe ba.

Wannan haɗin kan da kike ta faɗa, an taɓa yin sa a wani wuri?

An yi. Birnin Ahmedabad na Indiya ya sha mummunan zafi a 2010, sai a 2013 suka fito da tsari: masu hasashen yanayi su yi gargaɗi, asibitoci su shirya, a kai ruwa unguwanni, daga baya har da shafa farin fenti a rufin gidajen talakawa. Freetown ta Saliyo ta naɗa jami'a ta musamman kan zafi a 2021, aka yi wa mata 'yan kasuwa rumfuna.

Mu ma ba daga sifiri za mu fara ba. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da gargaɗin zafi, amma a ina yake tsayawa? A wayar masu Turanci. A mai da shi Hausa da Zabarmanci da Dakarci da Fulatanci, a sa a rediyo, a ba limaman Juma'a da masu shela. Makarantu da Islamiyyu su gyara lokaci don kada yara su dawo gida a ƙasa da tsakar rana. A sa wa burtsatsen asibiti da na unguwa sola. Sarkin kasuwa da shugaban tasha su ajiye randuna. Kwamitin lafiya na mazaɓa ya san gidajen da tsoho ke kwana shi kaɗai. Duk wannan a watan Fabrairu ake zama a raba shi, ba ranar da aka fara suma ba.

Me ya kawo maganar adalci a cikin zafi? Ai rana ɗaya ce ke dukan kowa.

Rana ɗaya ce, inuwa ce ba ɗaya ba. Shiga unguwar manya a Birnin Kebbi ka ga dogon yaro jere, ga sola a rufi, ga tanki a sama. Fita bayan gari inda sababbin gidajen kwano suke, ko inda waɗanda 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukansu suka raɓe, iyali guda a ɗaki ɗaya, tsoro ya hana su kwana a waje. Kebbi na cikin jihohi 11 na shirin Babbar Ganuwar Itatuwa na dasa itatuwa don tare hamada, madalla, amma ni tambayata kullum ita ce a ƙofar wa aka dasa, wa kuma zai ba shi ruwa har ya kama. In tankar ruwa ɗaya ce, ta fara da inda ba famfo. In taransifoma biyu suka lalace, a fara gyara wadda burtsatsen jama'a ya dogara da ita, ko da ba wani babba a layin.

Mutum ya faɗi a gabana, me zan yi?

Kwantar da hankalinka, za ka iya. Ja shi inuwa, sassauta masa tufafi, kwarara masa ruwa a jiki, a yi ta fifita. In akwai ƙanƙara, a naɗe a tsumma a sa a wuya da hammata da matsematsi. In ba ya cikin hayyacinsa kada a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe. Farasitamol ba ya sauke irin wannan zafin. In yana sambatu ko yana fizge-fizge, a nemi abin hawa nan take, a ci gaba da jiƙa shi a hanya har a iso wurinmu.