Tunani ba laifi ba ne: abin da dokar birij ta ce kan jinkiri a wasan intanet

Akwai maganar da ke yawo tsakanin masu buga kartar birij ta intanet (wasan karta na mutum huɗu, biyu suna karawa da biyu), wai duk wanda ya wuce daƙiƙa goma bai danna kati ba za a zaftare masa maki, ko ma a fara zarginsa da maguɗi. Tsoron nan ya sa sababbin shiga suna garajen da ke ɓata musu wasa. Wasu kuma sun ɗauka tunda ba ido da ido ake ba, mutum zai iya jan ƙafa son ransa, in an yi magana ya ce intanet ce ta tsaya. Dokar ba ta goyi bayan ko ɗaya ba.

Kundin da ake bi shi ne wanda Hukumar Birij ta Duniya, WBF, ta fitar a 2017. Da shi ake aiki a gasannin da ake yi a dandali irin BBO da RealBridge, sai dai masu shirya gasa su ƙara nasu sharuɗɗan lokaci. Ya hau kan duk mutum huɗun da ke teburi.

Daƙiƙa goman da ake yayatawa tana da asali, amma an juya ta. Kafin a fara jefa kati ana yin tayi, inda kowa ke faɗin yawan cin da shi da abokinsa za su iya yi, tayin ƙarshe ya zama kwangilar da za a buga. Idan wani ya yi tayin tsallake, wato ya haura matakin da ya fi kusa, misali ya buɗe da 3♠ kai tsaye, ana so wanda ke biye da shi ya dakata kamar daƙiƙa goma ko da ba shi da abin tunani, don kada a gane ko tayin ya sa shi a tsaka mai wuya. Ƙungiyar birij ta Arewacin Amurka, ACBL, ta daina amfani da katin tsayawa, wanda ake ajiyewa kafin irin wannan tayi, daga Janairun 2018, amma ta bar wannan dakatawar. Umarnin jira ne, ba iyakar lokacin tunani ba.

Sashe na 73 na kundin ya ce abin so ne ɗan wasa ya riƙe taki ɗaya, wato saurin wasa iri ɗaya, amma sauya taki ba da gangan ba, shi kaɗai, ba karya doka ba ne. Kana da damar yin tunani. Wanda jinkirinka ke ɗaure wa hannu shi ne abokin wasanka, kuma nan ne sashe na 16 ke rikita mutane.

Ana kiran ’yan wasan da mazauninsu: Arewa da Kudu abokan wasa ne, Gabas da Yamma ma haka. A ɗauka Arewa ya buɗe da 1♠, Gabas ya taya 2♥, Kudu ya ce 2♠, Yamma ya haura 4♥. Arewa ya yi shiru na rabin minti sannan ya wuce bai taya ba, Gabas ma ya wuce. Shirun nan ya gaya wa Kudu abin da tayin bai faɗa ba: Arewa yana da ɗan ƙarfin da ya so ya yi wani abu da shi. Dokar ta haramta wa Kudu amfani da wannan labari. Idan ya taya 4♠ aka ci, darakta, wato alƙalin gasar, ba zai tambaye shi niyyarsa ba. Zai duba ko wucewa zaɓi ne mai ma'ana, wato ko adadi mai yawa na ’yan wasa masu ƙwarewa irin ta Kudu, masu bin tsarin tayi irin nasu, za su yi tunanin wucewa da gaske, har wasunsu su wuce. Sau da yawa yakan nuna katunan ga irin waɗannan ’yan wasa ba tare da ya ambaci shirun ba. In wucewa zaɓi ne, shirun kuma ya karkata zuwa tayi, aka kuma cutar da abokan karawa, sai a mayar da sakamakon zuwa 4♥.

Wannan gyaran maki ne, ba shaidar maguɗi ba. Yana da ciwo, don Kudu zai iya rantsuwa cewa dama zai taya, kuma ya yi gaskiya. Amma ba wanda ke iya leƙa zuciya, kuma da za a karɓi rantsuwar kowa da jinkiri ya zama yare na biyu tsakanin abokan wasa. A ganina nauyin yana inda ya dace. Sauri ma haka yake: wanda ya ninka tayin abokan karawa, wato ya ce ba za su cika shi ba, cikin ƙiftawar ido ya gaya wa abokinsa ba ya shakka.

Abokan karawa su suna da damar fassara jinkirinka, amma in sun yi kuskure su suka jiyo. Sai dai akwai iyaka. Mai buga kwangila ya jefa kati yana neman inda sarauniya take, kai ba ka da ita, ko kati ɗaya tilo gare ka a irin katin da ya jefa, sai ka tsaya kamar mai shawara. Ya ɗauka tana hannunka, ya faɗi. In ba ka da dalilin wasa na tsayawar, kuma za ka iya sanin tana iya amfanarka, za a gyara makin.

A nan intanet ke kawo matsala ta gaske, don allo ba ya bambanta mai tunani da wanda layinsa ya yanke ko aka ƙwanƙwasa masa ƙofa. In haka ta faru, rubuta wa teburi nan take, kafin abokin karawa ya buga, cewa ba tunani kake ba. Uzurin da ya zo bayan an ga sakamako ba shi da nauyi, kuma a RealBridge darakta yana iya ganin tsawon lokacin da kowane tayi da kowane kati ya ɗauka.

Jan wasa har agogo ya ƙare kuwa wani babi ne daban. Sashe na 90 ya ba darakta ikon hukunta jinkirin da ya wuce kima. A gasannin kulob akan ba da kusan minti bakwai ga kowane rabo, wato zagaye ɗaya na raba kati da buga shi, gasannin sauri ƙasa da haka. Idan ba a samu sakamako ba, sashe na 12 ya tanadi kashi 60 cikin ɗari na makin rabon ko fiye ga wanda ba shi da laifi, 50 ga mai ɗan hannu a ciki, 40 ko ƙasa ga mai laifi kai tsaye. Masu ganin kwangilarsu za ta faɗi su ƙi bugawa don lokaci ya cece su suna yaudarar kansu, domin in wasan ya yi nisa darakta yakan duba katunan da suka rage ya rubuta sakamakon da ake dosa.

Mafi yawan rigimar ana kauce mata tun a katin farko. In kai ne mai buga kwangila, da zarar an shimfiɗa katunan abokinka a teburi, tsaya ka ƙirga abin da za ka ci da abin da za ka rasa, ka tsara wasan gaba ɗaya. Wannan dakatawar kowa ya san da ita, kuma tana ba masu karewa su ma damar shiri. In sauran katunan duk naka ne, yi iƙirari ka faɗi yadda za ka buga su, kada ka riƙa jefawa ɗaya bayan ɗaya. In kuma kana ganin abokin karawa ya ci gajiyar shirun abokinsa, kada ka zarge shi a akwatin hira. Ka sanar cewa ka riƙe haƙƙin kiran darakta. In sun musa cewa an yi jinkiri, a kira shi nan take, in ba su musa ba ka jira a gama rabon sannan ka danna maɓallin kiransa.