Tsarin haɗa filogin don Windows, Mac da Linux

Tsarin haɗa manhaja shi ne kayan aikin da ke tsakanin kod ɗin da mutum ya rubuta da kompaila (mai juya kod zuwa manhajar da kwamfuta ke iya gudanarwa), shi ke faɗin wane fayil za a fara haɗawa, wane laburare za a jawo, sakamakon kuma a ajiye shi ina. A harkar filogin abin ya fi wuya domin filogin ba ya tashi shi kaɗai, sai wata babbar manhaja ta ɗauke shi, kamar yadda FL Studio ke ɗaukar filogin ɗin sauti na VST a situdiyoyin Jos. Windows fayil ɗin .dll yake so, Linux .so, Mac kuma .dylib, su kansu kompailolin ba ɗaya ba ne, akwai MSVC da GCC da Clang.

Babban yayan tsare-tsaren haɗa manhaja shi ne Make, wanda Stuart Feldman ya rubuta a Bell Labs a 1976. Har yau yana aiki, amma Makefile ɗin Linux, wato fayil ɗin umarnin da Make ke bi, in ka kai shi Windows sai ka sha wuya.

CMake na kamfanin Kitware ya fito a 2000, kuma shi ba ya haɗa komai da kansa, fayil ɗin CMakeLists.txt yake karantawa ya fitar maka da fayilolin da Visual Studio ko Xcode ko Ninja za su yi haɗin da su. Gaskiya rubutunsa ba daɗin karatu, Meson da Jussi Pakkanen ya fitar a 2013 ya fi shi tsabta nesa ba kusa ba, amma yawancin laburaren C++ da CMake suke zuwa, hatta laburaren JUCE da masu filogin ɗin sauti suka dogara da shi ya karɓi CMake tun JUCE 6 a 2020, shi ya sa a ganina mai farawa ya kama CMake kawai ya haɗa da Ninja. Evan Martin ya yi Ninja don haɗa Chrome da sauri, kuma duk wanda batirin laftof ɗinsa ke ƙarewa bayan an ɗauke wuta ya san darajar wannan saurin.

Inda gizo ke saƙar shi ne Mac. Tun da Apple ya fito da furosesar M1 a 2020 sai ka haɗa na arm64 (irin M1) da na x86_64 (irin Intel) a fayil guda, wannan layi ɗaya ne a CMake. Amma sa hannun da Apple ke nema kafin filogin ya buɗe lafiya a kwamfutar mutane, sai ka yi rajista da dala 99 duk shekara, kuma in ba ka da Mac sai dai ka ari na GitHub Actions, wato kwamfutocin da GitHub ke ba da aro ta intanet don haɗa kod.